Kawurin Bayan Gumani

A shekarar da ruwan sama ya ƙi zuwa, wuta kuma ta bi gonaki tana lashewa, ina da goyon fari, ɗa namiji. Ina zaune a gidan mahaifina a zangon Tamale, ta ɓangaren Changli, domin mijina direban babbar mota ne, ya tafi Kumasi neman taya, taya ba ta samu ba, mota ta zauna can, shi ma ya zauna tare da ita.

Babana majemi ne. Na tashi cikin warin fata da bagaruwa, har ban san gidanmu yana wari ba sai in baƙo ya toshe hanci. Amma a wannan shekara babu mai sayen jaka ko takalmi, kowa masara yake nema. Ramukan jima suka bushe. Ƙafafun Baba suka kumbura, abin da kowa a unguwa ya san alamar yunwa ce amma ba mai faɗa. Wadda ta riƙe gidan ita ce Gwaggo, yayar Baba, gajeriyar mace mai zafin baki wadda mijinta ya rasu tun ina ƙarama. Koko take sayarwa a bakin titi har ranar da masara ta ɓace daga kasuwa.

Mukan ci abinci sau ɗaya a yini, wani lokaci garin rogo ne da ruwa da ɗan gishiri. Ni dai yunwar ba ta dame ni ba kamar yadda nonona ya dame ni. Yaron zai kama, ya ja, ya ja, ya saki, ya yi kuka. Daga baya kukan ya rage ƙarfi. Wata safiya Gwaggo ta karɓe shi, ta ɗora yatsa a maɗigarsa, ta ga ta faɗa. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta miƙo mini shi ta ce, "Gobe za mu kawuri."

Na san ɓawon kawuri tun kafin in san itacen. Baba yakan kawo shi a buhu, ya daka, ya jiƙa, ya tsoma fata a ciki ta fito da wani ja mai duhu da masu ɗinkin kube suke so. Kawuri ɗan'uwan ɓaure ne, amma shi ba ya son bakin rafi ko ƙasa mai laushi. Dutse yake so. Tsuntsu ne ke cin 'ya'yansa ya kasayar da ƙwayar cikin tsagar dutse, daga nan ya tsiro, saiwarsa ta bi tsagar tana neman laima har ta raba dutsen. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsu ba su da yawa, don haka duk majemin da ke zango ya san wani tudun dutse da ke can bayan Gumani inda kawuri suke. Mata masu jego kuma sun san shi ta wata hanya: ana dafa ɓawonsa da 'yar kanwa a sha don nono ya kawo. 'Ya'yansa ana ci, tohon ganyensa ana miya da shi. A shekarun ƙoshi ba mai waiwayar 'ya'yan sai yara da tsuntsaye.

Baba yana kwance a kan tabarma ya ce, "Yaya, in kun je kada ku zagaye shi da wuƙa. Gefe guda za ku ɗiba, faɗin tafin hannu, ku shafa wa wurin ƙasa. In aka zagaye shi mutuwa yake yi."

Gwaggo ta ce, "Kai za ka koya mini? Ni na fara kai ka wurin."

Muka fita bayan sallar asuba, ita da babbar tasa a ka da wuƙa a ciki, ni da yaro a baya da 'yar gorar ruwa. Mun wuce Gumani rana tana fitowa. Manoma Dagwamba suna wuce mu a kan kekuna, muna gaishe su da yarensu "Dasiba", suna amsawa "Naa", fartanya a ɗaure a bayan keke alhali babu abin nomewa. Wani dattijo a cikinsu ya sauke ƙafa ɗaya ya ce da Hausarsa ta kasuwa, masu farautar gafiya sun sa wuta ta gabas tun jiya, mu yi hankali. Gwaggo ta gode masa. Da ya wuce ta ce, "Wace rana ce ba a sa wuta ba?"

Daga hanyar mota muka ratse cikin ciyawa. Gamba ce, busasshiya ƙayau, ta fi mu tsayi, sai wata siririyar hanyar shanu a tsakiya. Mun yi tafiya mai nisa a cikinta, ba ma ganin komai sai sama. Yaron ya yi shiru a bayana, ina ta kai hannu ina taɓa ƙafarsa.

Da muka fito fili na ga dutsen. Ba wani tsauni ba ne, tudu ne mai faɗi kamar filin masallaci, ja-ja, babu ciyawa a kansa. Kawurin suna nan a warwatse, ƙanana sun manne a gefe kamar ba za su rayu ba, sai babban a tsakiya. Duk dajin ya bushe ya zama ruwan toka, shi kaɗai ne kore. Jikinsa fari-fari ne mai santsi, saiwoyinsa sun kwanto a kan dutsen kamar an zuba kunu ya daskare, sun shige cikin wata babbar tsaga da mutum zai iya shiga ya tsuguna.

Amma ba mu kaɗai muka tuna da shi ba. Shanu ne a gindinsa, ramammu, ƙasusuwan kwankwasonsu kamar za su huda fata. A can sama wani mutum ne a kan reshe da adda, yana sara. Reshe ya faɗo, shanun suka yi kansa. Gefe guda na itacen an riga an aske shi, busassun rassan kwanakin baya sun taru a gindin, tsibi guda.

Gwaggo ta dire tasa. "Kai! Kai mai adda! Sauko!"

Mutumin ya leƙo. Bafulatani ne, ba yaro ba, gemunsa ya fara furfura, irin makiyayan da ke zaune a gefen gari matansu suna kawo nono kasuwa. Ya ce, "Sannu, Inna. Lafiya?"

"Lafiyar ke nan? Itacen da mutane za su ci kake sare wa dabbobi?"

"Inna, itacen Allah ne."

"To Allah ne ya ce ka kashe shi?"

Ya sauko a hankali, addar tana hannunsa. Dogo ne, shi ma ya rame kamar shanunsa, leɓunansa sun tsattsage. Na ja da baya. Babu kowa a dajin nan sai mu, in ya ga dama ko ihunmu ba mai ji. Gwaggo kuwa matsawa ta yi har sai da ta ɗaga kai kafin ta ga fuskarsa.

Ya ce, "Ba na kashe shi. Kawuri in an sare reshe yana tohowa. Shanuna kuwa in sun kwanta ba sa tashi. Na bar wasu a hanya, ungulu sun ci."

Gwaggo ta fizgo ni, ta juya ni, ta yaye majanyin da ya rufe kan yaron. "Dubi nan. Wannan ma in ya kwanta tashi zai yi?"

Ya dubi yaron. Ya dubi maɗigar. Ni kuwa addar nake kallo. Sai ya ce, "Zan sare, ku tsinke 'ya'yan kafin shanu su ci. Ganye nasu, 'ya'ya naku. Ɓawo kuma ku ɗiba ta can, inda ban taɓa ba."

"Toho fa?"

"Ku tsinka abin da hannunku ya kai."

Gwaggo ta yi tsaki, amma ta ɗauki tasarta.

Haka muka shiga aiki, kowa yana harararar kowa. Shi yana sama yana sara, mu muna ƙasa muna kokawa da shanu. Saniyar da ke jin yunwa ba ta san mutum ba. In reshe ya faɗo sai na ruga na kama shi na ja, ƙahoni suna wucewa ta gefen goyona. 'Ya'yan kawuri ƙanana ne, ba su wuce kan ɗan yatsa ba, manne suke da reshe bibbiyu a gindin ganye, da laushin gashi a jikinsu. Nunannun ja ne. In ka fasa za ka ga 'yan mitsi-mitsin ƙwari a ciki, Gwaggo ta ce in hure su kawai in ci. Ban taɓa ganin furen kawuri ba, Baba ya taɓa gaya mini cewa a cikin ɗan yake yin furensa, shi ya sa. Na ci har na daina hurewa. Ɗanɗanonsu ba wani zaƙi sosai, akwai bauri, amma cikina ya karɓa. Farin ruwan da ke fita daga karyayyen reshe ya manne mini a yatsu, irin wanda yara ke dafawa ya zama danƙon kama tsuntsu. Gwaggo ta yanko ɓawo ta inda aka ce, ta shafa wa wurin ƙasa, ta ba ni na ƙulle a bakin zanina.

Rana ta take tsaka lokacin da na lura da shirwa. Sun taru ta gabas, da yawa, suna shawagi suna kai sura. Ban kawo komai a raina ba sai da na ga wani baƙin abu mai laushi ya sauka a hannuna. Na shafa, ya murmushe. Tokar ciyawa ce. Wata ta sauka cikin tasa.

Makiyayin ya daina sara. Ya ƙara hawa sama, ya tsaya a kan reshe yana hange. Sannan ya sauko da wani irin sauri da ban zaci jikinsa zai iya ba.

"Iska ta juya," ya ce. "Tana zuwa nan."

Sai a lokacin na ji ƙarar. Daga nesa kamar ana soya abu a babban kasko, da fashe-fashe a ciki.

Gwaggo ta ɗora tasa a ka. "Taso mu tafi. Mu kama hanyar mota."

Ya ce, "Inna, kada ku shiga ciyawar nan. Ba za ku kai ba."

"Mu zauna mu jira ta?"

"Dutse ba ya ci. Ku hau tsakiya."

"Dutse ba ya ci, amma wannan fa?" Ta nuna tsibin busassun rassan da ya tara a gindin itacen. "Kai ka haɗa mana murhu, yanzu kana cewa mu zauna a kai. Ke, taso!"

Ta kama hannuna ta ja. Na bi ta har bakin ciyawa. Na dubi siririyar hanyar nan da muka biyo, na tuna tsawonta, na tuna yadda na sha wuyar tafiyar da safe ba tare da kowa ya kore ni ba. Hayaƙi ya fara bin saman gambar. Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Gwaggo a'a ba. Na zare hannuna.

"Gwaggo, ba zan iya gudu da shi ba."

"Ba ni shi."

"Ke ma ba za ki iya ba."

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. "Maganar baƙo za ki bi ki bar tawa?"

Na tsaya inda nake, ban matsa ba. Ta ce, "To zan kai hanya in kira mutane." Ta juya ta shige cikin ciyawa da tasa a ka. Na ga tasar tana tafe a saman gamba, sannan ban ƙara ganinta ba.

"Uwar yaro!" makiyayin ya kira ni. "Zo ki ja itacen nan. Ki jefa su ta yamma, can ƙasa, nesa da gindi."

Shi ya shiga kora shanunsa zuwa tsakiyar dutsen, yana kiransu da Fulatanci, suna ta juyawa suna kuka, idanunsu sun firfito. Ni na kama rassan ina ja. Sun sarƙe da juna, in na ja ɗaya sai uku su biyo, tsinin suna yaga mini hannu. Yaron yana jijjiga a bayana. Ina ja, ina jefawa, ina komowa. Sama ta yi duhu, rana ta koma kamar jan faranti. Gafiyoyi da ƙadangaru suka fara hawowa kan dutsen suna wucewa ta kan ƙafafuna, wani zomo ya zo ya tsaya kusa da ni yana haki, bai ko gudu ba.

Ban gama kwashewa ba na ji ihun Gwaggo. Ba daga nesa ba ne. Ashe ta hango wutar ta yanke hanya a gabanta, ta juyo, ta ɓace daga hanyar shanun.

Makiyayin ya tsaya. Na ga ya dubi shanunsa, ya dubi inda ihun ya fito. Ya sake duban shanun. Sannan ya yar da sandarsa, ya ja rigarsa ya rufe hanci, ya gangara cikin hayaƙin.

Yana barin wurin shanun suka watse. Wani bijimi ne ya fara, ya yi ta arewa a guje, wasu suka bi shi cikin ciyawa. Na ɗaga hannu ina ihu, ban san kiran da suke ji ba. Tsofaffin da ba su da ƙarfin gudu ne kawai suka rage, suka cure wuri guda.

Wutar ta iso bakin dutsen ta gabas. Tsayinta ya fi na ɗaki. Zafin ya doke ni a fuska kamar an buɗe tanda. Na kwance goyon, na rungume yaron a ƙirji, na zuba sauran ruwan gorar a majanyi na rufe shi, na shige tsagar nan ta cikin saiwoyin kawuri. Ciki da ɗan sanyi, da warin jemage. Ina ta karanta duk abin da ya zo bakina, ina farawa ina rasa ƙarshe.

Sai ga su. Ya saɓo ta a kafaɗa kamar buhu, babu tasa, babu ɗankwali, bakin zaninta yana ci. Ya dire ta, ya kashe wutar da tafin hannunsa, ya tura ta cikin tsagar kusa da ni. Shi bai shigo ba, wurin ba zai ɗauke mu duka ba. Ya juya ya ga abin da ya rage na garkensa. Ya tafi ya shiga tsakiyarsu ya durƙusa, ya rungume wuyan wata tsohuwar saniya.

Daga nan ban ƙara ganin waje sosai ba. Hayaƙi ya cika ko'ina. Sauran rassan da ban kwashe ba suka kama, na ji ganyen kawurin da ke samanmu suna ƙara suna nannaɗewa, tartsatsi yana zubowa. Gwaggo tana nishi, ƙafarta ta dama daga gwiwa zuwa idon sawu ta saɓule. Can sai na ji ta damƙe mini idon sawu da ƙarfi.

Ta ce a hankali, "Kada ki motsa. Kada ki ja ƙafar nan."

Na sauke ido. Macijiya ce, kasa, mai kauri kamar damtsena, ta shigo tsagar ita ma, ta kwanta jikinta yana gogar diddigena. Ina ganin cikinta yana hawa yana sauka. Tari ya taso mini, na danne shi har hawaye suka zubo. Bayana yana gasuwa, ƙafata ta yi sanyi. Yaron da ke ta 'yar ƙara tun da muka shiga sai ya yi tsit. Ina so in buɗe majanyin in duba shi, ina tsoron motsin da zan yi. Na matse shi ina neman bugun ƙirjinsa, nawa ya hana ni ji.

"Gwaggo, ya yi shiru."

"Na ji. Tsaya tukuna."

"Gwaggo..."

"Na ce ki tsaya."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Wutar ciyawa ba ta daɗewa a wuri, amma a ranar ban san da wannan ba. Ƙarar ta zagaye dutsen ta ɓangarori biyu, ta haɗe ta yamma inda na zubar da rassan, ta yi wata irin tashi, sannan ta fara nisa. Haske ya ɗan dawo. Macijiyar ta ja jiki a hankali, ta bi ta kan wata saiwa, ta shige can cikin dutsen inda hannu ba ya kaiwa. Gwaggo ta saki ƙafata. Shatin yatsunta ya kwana biyu a wurin.

Na yaye majanyin. Idanunsa a rufe, bakinsa a buɗe, leɓen ya yi toka-toka. Na girgiza shi, bai motsa ba. Gwaggo ta fizge shi, ta kifa shi a cinyarta mai lafiya, ta bubbuga bayansa, ta juyo shi ta hura masa iska a fuska. Ta sake bugawa. Sai ya yi wani ɗan tari kamar na kyanwa, ya yamutsa fuska, ya fasa kuka. Na karɓe shi na ba shi nonon da babu komai a ciki, ya kama.

Muka fito da rarrafe. Duk inda ido ya kai baƙi ne, kututture suna hayaƙi, har ana hango hanyar mota da rufin kwanon Gumani, kusa-kusa, abin da ciyawa ta ɓoye mana da safe. Gefen kawurin na gabas ya babbake, farin ruwansa ya tafaso ta jikin ɓawo ya daskare ya yi ja. Gefen yamma yana nan da ganyensa, sun yi laushi kawai.

Makiyayin ya taso. Gashin girarsa ya ƙone, tafukan hannunsa sun yi bororo. Ya dubi ƙafar Gwaggo, ya je ya tsaga jikin itacen ta gefe mai rai, ya tari ruwan a ganye ya kawo. Da yake hannunsa ba ya kamawa, ni na shafa mata. Ta ciji leɓe, ba ta yi kuka ba. Ban sani ba ko maganin ƙuna ne na gaskiya, abin da ke wurin ke nan.

Sannan ya gangara neman shanunsa. Muna zaune muna kallonsa yana tafe cikin toka, yana tsayawa a kan wani baƙin tudu, ya wuce zuwa wani. Kaɗan daga cikinsu sun tsira, sun tsaya can nesa a wata gona da aka riga aka share. Wata karsana ya samu a kwance kusa da dutsen, da sauran rai, bayanta duk ya ƙone. Ya daɗe a tsugune a gabanta. Ya dawo ya ce, "Inna, ara mini wuƙarki. Addata ba ta yanka."

Wuƙar ta tafi tare da tasa. Sai ya wasa addar a jikin dutse, ya naɗe hannunsa da tsumma, ya juya karsanar ta fuskanci gabas, ya yi bisimilla. Na riƙe masa ƙafa aka feɗe. Yana aiki hawaye suna bin gemunsa, bai share ba, ni ma na yi kamar ban gani ba. Ya cire cinya guda da hanta ya ajiye a gaban Gwaggo a kan ganyen kawuri.

Ta ce, "Ba zan karɓa ba. Saboda ni suka watse."

Ya ce, "Ba ke na ba wa ba. Na uwar yaro ne."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa." Ya amsa da amin, yana kallon wani wuri.

Manoman Gumani suka fara fitowa duba abin da wuta ta bari. Ɗaya daga cikinsu ya ɗora Gwaggo a bayan kekensa ya tura ta har gida, ni ina biye da yaro a baya da nama a ka, na lulluɓe shi da ganye. Tun daga bakin gari idanu suke bina. Jini yana ɗiga ta gefen wuyana, karnuka suna biye da mu, ba wanda ya tambaye ni komai, amma na ji nauyin kallon nan fiye da nauyin cinyar. Da muka shiga gida Gwaggo, tana kwance ana fifita mata ƙafa, ta sa aka yanka naman aka aika wa kowane ɗaki na gidan da maƙwabta na kusa. Hantar ta hana kowa, ta ce tawa ce.

Na dafa ɓawon kawurin da kanwa na yi ta sha, na sha romo. Bayan 'yan kwanaki na farka na ji gaban rigata a jiƙe. Ko ɓawon ne, ko naman, ban taɓa iya rabewa ba. Yaron ya rayu. Ƙafar Gwaggo ta yi ruwa, ta ba mu tsoro, sai da aka kai ta asibiti, daga baya ta warke ta bar tabo fari, kuma har ta rasu tana ɗan ɗingishi. Ba ta taɓa tayar da maganar hannuna da na zare daga nata ba. Amma daga ranar, in za a yanke wata shawara a gidan, takan juyo ta ce, "Ke me kika gani?"

Ana nan kafin ƙafar ta warke, wata rana da hantsi wata Bafulatana ta yi sallama a ƙofarmu, ƙwaryarta a kife a ka. Ta yi ta tambaya a zango har aka nuna mata gidan tsohuwar da wuta ta ƙona. Matar makiyayin ce. Ta ce maigidanta ya aiko ta ta duba jikin Inna, hannunsa ya fara kamawa, kuma za su tashi da abin da ya rage su nufi bakin babban kogi, ko a samu ɗanyar ciyawa.

Gwaggo ta sa na shimfiɗa mata tabarma. Babu abin da za mu ba baƙuwa sai ruwa. Suka zauna suna hira kaɗan-kaɗan, Hausar matar ba ta da yawa. Da ta tashi tafiya, Gwaggo ta ce in ɗauko mata kwanon man kaɗen da ake shafa mata a ƙafa, da ƙullin gishirin da take ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. Ta raba man biyu, ta juye rabi a ganye, ta haɗa da gishirin duka.

"Ki ce ya riƙa shafawa safe da yamma. Kada ya kama igiya da hannun sai fata ta yi ƙwari."

Matar ta karɓa da hannu biyu, ta sa cikin ƙwaryar. Na raka ta har bakin titi. Ta leƙa fuskar yaron a bayana, ta yi masa wasa da yatsa, sannan ta tsallaka ta bi hanyar Kasalgu, inda ta ce 'yan'uwanta suna jiranta. Ban ƙara ganinta ba, shi ma ban ƙara ganinsa ba.